Kafin ka biya kuɗin IELTS, kunna agogo ka karanta shafi uku

Idan kana cikin irin guruf ɗin WhatsApp da nake ciki, na 'yan ajin ƙarshe da masu hidimar ƙasa, ka san yadda ake ciki daga watan Agusta zuwa ƙarshen shekara. Yau a turo sanarwar tallafin karatu na Chevening, gobe ta Commonwealth, jibi ta Erasmus Mundus ko DAAD ta Jamus. Kowa so yake ya fita digiri na biyu. Can sai wani bawan Allah ya jefo fayil mai suna irin su "kalmomi dubu uku da za su ba ka maki 8 a IELTS". Nan take addu'a ta fara sauka, Allah ya saka, Allah ya ƙara sani. Ka sauke, na sauke. To tsakaninka da Allah, shafi nawa ka karanta a ciki?

Ni dai ban wuce na huɗu ba. Abin da ya sa na dawo kan maganar shi ne wani yayanmu na unguwa, wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya a kimiyya. Jami'ar da ta ba shi gurbi a Birtaniya ta nemi 6.5 gaba ɗaya, kuma kada wani ɓangare ya yi ƙasa da 6. Sau biyu yana zama jarrabawar, sau biyu ɓangaren karatu yana tsayar da shi a 5.5. A zuciyata na ce ai 'yan kimiyya ne, su da Turanci sai a hankali. Ni da nake karanta aikin jarida, ai wannan gonata ce. Na karɓi littafin gwajin da yake amfani da shi, na kunna agogon waya na minti 60, na zauna. Lokaci ya ƙare ban kai rabin rubutu na uku ba. Na duba amsoshi, 21 cikin 40. Wato 5.5, daidai inda ya tsaya. Ban faɗa masa ba sai bayan sati biyu.

Abin da ya sa wannan ya wuce abin dariya shi ne kuɗi. A farkon 2023 rajistar IELTS a Najeriya ba ta kai naira dubu 100 ba. A watan Yunin shekarar Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake sayarwa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Kuɗin jarrabawar ya bi sahu, a 2024 ya haura naira dubu 250. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 kuwa dubu 70 ne. Ka yi lissafi da kanka: zama ɗaya na ƙasa da awa uku ya cinye fiye da albashin wata uku. TOEFL da GRE su kuma da dala ake biya. Ga kuɗin mota da na masauki idan babu cibiya a garinku. Sannan sakamakon IELTS da na TOEFL shekara biyu kacal suke aiki, idan tallafin bai fito ba a cikinsu, sai ka sake lale. A gidaje da yawa kuɗin nan ba na ɗalibin ba ne, rago ne aka sayar ko adashin Mama aka kwashe.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na sha faɗa. Me ya sa ɗan Najeriya, wanda Turanci ne harshen gwamnatinsa da kotunsa da jami'arsa, zai biya kuɗi don ya tabbatar yana jin Turanci? Ƙorafin yana da tushe. Birtaniya tana da jerin ƙasashen da ta yafe wa 'yan ƙasarsu wannan gwaji, akwai Amurka, Kanada, Ostireliya, Jamaika, Barbados da wasu ƙananan tsibirai, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya. A 2022 ƙungiyar matasa ta Policy Shapers, ƙarƙashin Ebenezar Wikina, ta tara sa hannun dubban mutane tana neman a gyara tsarin. Sun kawo hujjar da har yau ban ji wanda ya rusa ta ba: takardar shaidar Faransanci ta DELF, idan ka samu ka samu ke nan har abada, to me ya sa Turancin mutum zai ruɓe bayan shekara biyu kamar maganin tari? Birtaniya ba ta sa Najeriya a jerin ba. Sai dai matsin lambar ya yi ɗan tasiri, wasu jami'o'i a Kanada da Amurka sun cire wa 'yan Najeriya sharaɗin.

Ina tare da masu ƙorafin a kan tsada da kuma wa'adin shekara biyu. Inda na rabu da su shi ne idan muka ce ai tun firamare da Turanci muka yi karatu, don haka babu abin da za a gwada. Ni da kai mun san azuzuwan da muka fito. Malam ya karanta layi biyu da Turanci, ya juya ya yi bayani da Hausa, mu gane, mu tafi. Wannan ba abin kunya ba ne, ta haka ma muka fahimci darasin. Amma zama kai kaɗai da dogon rubutun Turanci, babu mai fassara maka, wannan ba mu yi shi sosai ba. A jami'a kuma sai handawut mai shafi goma sha biyar, a haddace shi daren jarrabawa, a juye da safe, a manta kafin azahar. Da haka ake fita da sakamako mai kyau ba tare da an taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba.

Kafin ka kashe ko sisi, shiga shafin jami'ar da kake so ka duba ko ma kana buƙatar jarrabawar. Jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar C6 ko sama da haka a Turancin WAEC, wasu suna karɓar wasiƙa daga jami'arka cewa da Turanci aka koyar da kai. Chevening ma ta daina neman sakamakon Turanci da kanta, ta bar wa jami'o'i. Mutane da yawa sun biya kuɗin da ba a tambaye su ba. Amma ka lura, jarrabawar aka yafe maka, karatun yana nan yana jiranka. Digiri na biyu a Birtaniya yawanci shekara ɗaya ne, kuma kowane mako akwai tarin maƙaloli da za ka karanta kafin ka shiga aji. Wanda bai iya shafi uku a awa ɗaya ba a Kano ko Zariya, jirgi ba zai koya masa a hanya ba.

To mene ne ainihin abin da ake gwadawa? A ɓangaren karatu na IELTS ta masu neman jami'a, rubutu uku ake ba ka, jimillarsu kalmomi 2,150 zuwa 2,750, da tambayoyi 40, cikin minti 60. Wajen amsa 23 daidai ke ba da maki 6, wajen 30 ke ba da 7. Babu tambayar da za ta ce maka mece ce ma'anar kalma kaza. Dabararsu ita ce su faɗi abu a rubutun da wasu kalmomi, su tambaye ka shi da wasu daban. Rubutun zai ce "the scheme was scrapped", tambayar ta ce "the programme was discontinued". Kai da ka haddace jerin manyan kalmomi ka san discontinue, amma scrap a kanka kayan jari-bola ne, sai ka wuce layin da amsar take kana nemanta a gaba.

Irin waɗannan ƙananan kalmomin su suka fi kayar da ni. Address da na sani adireshin gida ne, ashe a rubutun ilimi tunkarar matsala ne. Novel littafin labari ne, ashe "a novel method" sabuwar hanya ce. Sound ƙara ce, amma "a sound argument" hujja ce mai ƙwari. Babu ɗayansu da za ka tsaya a kai a jerin kalmomi, don za ka ce ai ka san shi. Sai ka haɗu da shi a cikin jimla sau uku, sau huɗu, sannan ma'ana ta biyun take zama.

Sai kuma tambayoyin nan na True, False, Not Given, waɗanda suka fi kowanne cin mutuncina. Bari in ba ka misali da Hausa don ka ga ba ma matsalar harshe ba ce kaɗai. A ce rubutu ya ce: yawancin manoman yankin sun koma shuka gero bayan taki ya yi tsada. Aka ce maka: duk manoman yankin sun koma gero. Wannan ƙarya ce, don yawanci ba duka ba ne. Aka sake ce maka: gero ya fi masara riba a yankin. Zuciyarka za ta ce gaskiya ne mana, in ba haka ba me zai sa su koma? Amma rubutun bai faɗa ba, kai ka ƙara daga kanka. Amsar ita ce ba a ambata ba. Yanzu ka tuna yadda muke karatu a Facebook da X. Ka ga kanun labari, ka cike sauran da abin da kake zato, ka shiga sharhi ka fara faɗa. Wannan ɗabi'ar ita ce daidai abin da aka ɗana tarkon don ya kama. A ajinmu na aikin jarida kullum ana ja mana kunne a kan bambanta abin da majiya ta faɗa da abin da ka ɗauka tana nufi, kuma duk da haka na faɗa ramin har sau biyar a gwaji ɗaya.

Muna da wata al'ada kuma da take ƙara ɓatar da mu, wato girmama mai "fasa Turanci". Wanda ya tashi a taro ya jero kalmomin da babu wanda ya gane, shi ake tafa wa, a ce ya haɗiye ƙamus. Sai ɗalibi ya shiga ɓangaren rubutu da wannan tunanin. A can kuwa abu huɗu ake dubawa, kowanne da nauyi iri ɗaya: ko ka amsa abin da aka tambaya, ko tunaninka ya jeru, yadda ka yi amfani da kalmomi, da nahawu. Babbar kalmar da aka ajiye a inda ba wurinta ba rage maki take yi. Minti 60 gare ka na rubutu biyu, ɗaya aƙalla kalma 150, ɗaya aƙalla 250, kuma na biyun ya ninka na farko a maki. Wanda ya ɓata minti 35 yana ƙawata na farko ya riga ya cuci kansa.

GRE, wadda wasu jami'o'in Amurka ke nema, ita ce za ka ce ta ɗan bambanta, don a can da gaske ana kawo kalmomin da ko Bature sai ya sosa ƙeya. Tun Satumbar 2023 aka rage tsawonta zuwa ƙasa da awa biyu, ɓangaren harshe ya koma tambaya 27 cikin minti 41. Amma ko a nan kusan rabin tambayoyin na fahimtar karatu ne, sauran kuma cike gurbi ne a cikin jimla, inda although ko despite guda ɗaya ke juya ma'anar gaba ɗaya. Ka san kalmomin zaɓin duka, idan ba ka ga inda jimlar ta yi kwana ba, ka faɗi.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke wannan fama. A ƙasar Sin akwai jarrabawar shiga digiri na biyu ta ƙasa baki ɗaya, suna kiranta kaoyan, ana yin ta a watan Disamba. A zangon 2023 mutum miliyan 4.74 suka yi rajista. Yawancinsu sai sun zauna takardar Turanci ta awa uku, kuma su hukuma ma ta fitar musu da jerin kalmomi wajen 5,500. Ɗaliban can suna da wata zolaya da suke yi wa kansu: littattafan haddar kalmomi da yawa da abandon suke farawa, wato watsar da abu, sai su ce ita kaɗai suka riƙe, don daga ita suke watsar da littafin. Da na ji wannan sai na tuna shafina na huɗu. Abin lura a nan shi ne rabon makin. A takardarsu ta farko, wadda masu neman digirin bincike ke yi, maki 60 cikin 100 na ɓangaren karatu ne, 30 na rubutu, 10 na cike gurbi. Shi ya sa masu shiri da gaske a can suke ɗaukar tambayoyin shekarun baya su warware dogayen jimloli ɗaya bayan ɗaya, ina mai aikin, ina aikin, wane yanki ne ƙarin bayani. Ƙasar da aka ba ta jerin kalmomi a hukumance ma ke nan.

Ba cewa nake kalmomi ba su da amfani ba. Paul Nation, masanin koyon harshe a jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan, ya ƙiyasta cewa sai mutum ya san tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 tare da rassansu kafin ya gane kashi 98 cikin 100 na kalmomin jarida ko littafin labari. Wannan adadin ba ya haddatuwa a sati shida, karatu ne ke tara shi a hankali. Idan dole sai ka riƙe jeri ɗaya, nemi na Averil Coxhead, ita ma daga wannan jami'ar, mai suna Academic Word List, wanda ya fito a 2000. Tushen kalma 570 ne kawai, amma suna ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na kalmomin rubutun ilimi. Irin su assume, derive, significant, constitute. Kyauta yake a intanet. Yadda za ka riƙe su kuwa, duk wanda ya yi hadda a Islamiyya ya san sirrin: ƙari ba tare da muraja'a ba zuba ruwa a rariya ne. Manhajar Anki wannan aikin take yi, ta dawo maka da kalma daidai lokacin da ta kusa kuɓuce maka. Sai dai kada ka sa kalma tsirara a ciki, sa ta da jimlar da ka tsince ta.

Nahawu shi ba sai ka sayi littafi mai kauri ka fara daga babi na ɗaya ba. Kurakuranmu sanannu ne, kuma ba su da yawa. Wasu daga Hausa muke ɗauko su: "ara mini" ya zama "borrow me", "ina zuwa" ya zama "I am coming" alhali tafiya kake yi, "ji" da muke yi wa sauti da wari da fahimta duka ya zama hear. Wasu na Najeriya ne gaba ɗaya: informations, equipments, advices, "discuss about", da severally da muke nufin sau da yawa alhali ma'anarta daban-daban. Sai a da the, waɗanda muke zubarwa ko mu cusa inda muka ga dama, da bambancin "I went" da "I have gone". Ƙamus ɗin Oxford ya karɓi Kannywood da okada a 2020, ya karɓi japa da suya daga baya, abin alfahari ne, amma mai duba takardarka ba zai karɓi informations ba. Rubuta kalma 250 a kan tambaya ɗaya, ka ba wanda ya fi ka ya ja layi a ƙarƙashin kurakuran, za ka ga guda biyar ko shida ne suke ta maimaituwa. Su za ka bi. Lafazi kuma ka kwantar da hankalinka, ba a neman ka koma Bature, ana neman a gane abin da kake faɗa. P da f ɗin nan dai ka ɗan kula da su, kada pool ya zama fool.

Yanzu ga ChatGPT ya shigo. Ina amfani da shi, ba zan yi maka ƙarya ba, kuma rabin ajinmu da shi suke aikin gida. Zai iya zama malami mai haƙuri idan ka rubuta naka ka ce ya nuna maka inda ka kuskure da dalili. Amma yawancinmu cewa muke ya taƙaita mana maƙala mai shafi ashirin a layi biyar, ya rubuta mana wasiƙar neman gurbi. Sai takardunka su fito da Turancin farfesa, kai kuma ka shiga ɗakin da aka karɓe wayarka a bakin ƙofa, a kunna maka sautin ɓangaren sauraro sau ɗaya tak, babu maimaici. Wannan ratar da ke tsakanin Turancin takardunmu da Turancin da ke kanmu ƙara faɗi take yi, kuma masu ba da gurbi sun sani, shi ya sa ba na jin za su saki waɗannan jarrabawoyin nan kusa, duk yawan sa hannun da za mu tara.

Masu tallan "sakamakon IELTS ba tare da zama jarrabawa ba" a Telegram kuwa, kada ma ka tsaya. Kowace takardar sakamako tana da lamba, kuma jami'o'i da ofisoshin biza suna duba ta kai tsaye a rumbun masu jarrabawar. Ka yi asarar kuɗi, kuma idan aka kama ka da takardar bogi a neman bizar Birtaniya ana iya hana ka shiga har shekara goma.

Abin da ni da yayan nan namu muke yi yanzu ba shi da wani armashi. Kowace safiya maƙala ɗaya doguwa, daga The Conversation ko sashen kimiyya na BBC ko The Guardian, a kan abin da ba fanninmu ba, don jarrabawar ba ta tambayar abin da ka karanta a jami'a, yau tarihin gilashi ne, gobe ƙwaƙwalwar tsuntsaye. Waya a yanayin jirgi. Ba ma buɗe ƙamus sai mun kai ƙarshe, sannan kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa da Hausa abin da marubucin ya ce, ɗayan ya kama shi idan ya ƙara gishiri. Ranar Asabar kuma cikakken gwaji da agogo, daga jerin littattafan Cambridge IELTS, kowanne yana da gwaji huɗu, ko na kyauta da ke shafin British Council. Bayan gwajin mukan ɗauki lokacin da ya fi na gwajin kansa muna bin kowace amsar da muka faɗi, har sai mun nuna da yatsa layin da ta ɓuya.

Asabar ɗin da ta wuce ya samu 31, ni 27. Ya ce ba zai sake zuwa wajen Baba da maganar kuɗin rajista ba sai ya ga 30 ko fiye sau uku a jere. Saura biyu.